Yadda Na Sayar da Keken Rubutun Malam Isyaku

Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana sun girma, suna da nasu mutuncin da za su kare. Amma wanda duk ya yi aikin ofis a Gusau a shekarun da aka ba mu jiha, ya san ni ko bai riƙe sunan ba. Ni ne mai gyaran keken rubutun nan da ke yawo ofis-ofis da baƙar jakar fata ɗaure a bayan babur.

A Bungudu aka haife ni. Mahaifina manomi ne, gero da dawa, da 'yar fadama da yake taɓawa da rani. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Daga nan aka kawo ni Gusau wurin wani mutumin kudu mai gyaran keken rubutu, na yi shekara bakwai a hannunsa. Da ya tattara zai koma garinsu, ni ya bar wa shagon da kayan aikin, domin ya ce bai taɓa koyar da mai hannu irin nawa ba. Ba yabon kai nake yi ba, gaskiya ce. Nakan warware keken rubutu gaba ɗaya, in baje shi a kan tabarma ƙusa-ƙusa, in wanke da kananzir, in mayar ba tare da ƙusa ɗaya ta yi saura ba. Idan na shiga ofis ana bugu, daga bakin ƙofa nakan gane wace na'ura ce ke ciwo da kuma inda ke mata ciwon. Na yi aure, Allah ya ba mu 'ya'ya biyu da matata Rabi. Ba ni da arziki, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma babu ofishin da zan shiga ba a miƙo mini kujera ba.

Da aka ba mu jiha, ofisoshi suka yawaita, aiki ya yi mini yawa har ina gudun wani. Sai dai daɗin bai daɗe ba. Kwamfuta ta fara shigowa, aka riƙa ture kekunan rubutu gefe ana lulluɓe su da tsumma.

Akwai wata babbar tafireta a ɗaya daga cikin ofisoshin, Hajiya Asabe, wadda ta fi shekara ashirin tana bugu. Wata rana na same ta gaban sabuwar kwamfuta ranta a ɓace. Ta tura mini kibod ɗin, wato allon haruffan da ake dannawa, ta ce, “Mai-gyara, taɓa wanga abu ka ji. Kamar kana danna tuwo. Ba ka jin ya shiga, ba ka jin bai shiga ba. Ni da ban duban hannuna in ina bugu, yau ga ni ina kuskure kamar sabuwar ɗauka.”

Na taɓa, na ji gaskiyarta. Na kuma tuna na taɓa ganin wani tsohon kibod a wata maɗaba'a a Kano, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wanda kowane harafi ke da nasa sifirin a ƙasa, in ka danna sai ya ce ƙas, ya dawo da ƙarfinsa. Na ce mata ta ba ni lokaci.

Rabi tana da wani ɗan ƙanen uba mai suna Kabiru, yana aiki a wani shago a Kano inda suka fara samun intanet. Na je na yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai Turawa zubar da irin waɗannan suke yi. Zo ka ga gwanjo.” Ya nuna mini kasuwa sukutum a cikin allon kwamfuta. Mutum zai sa hoton kayansa, a yi kwana bakwai ana tayawa daga ko'ina a duniya, wanda ya fi tayi a minti na ƙarshe shi ya saya. Kabiru yana da wa da ke karatu a ƙasar waje, ta hannunsa ake biya.

Karo na farko mun rasa, domin layin waya ya yanke ana saura minti biyu. Karo na biyu mun ci, amma da mai kayan ya ji daga Najeriya muke, sai ya ce shi ba ya aikowa nan, ya janye. A na uku muka yi dabara, muka sa aka kai wa wan Kabiru, shi kuma ya aiko mana ta jirgin ruwa. Kibod shida ne. Wata huɗu ina jira. Na yi zuwa Kano har direbobin tasha suka san ni. Yau a ce kaya suna Legas, gobe a ce takardar ba ta cika ba, jibi a ce mai sa hannu ya tafi hutu. Ranar da aka kira mu, 'yan kwastan suka buɗe kwalin a gabana. Ruwa ya taɓa shi, gindinsa ya ruɓe, haruffa sun zube suna yawo a ciki kamar gyaɗa. Wani daga cikinsu ya ɗaga ɗaya ya ce, “A kan wannan shara kake ta zarya?”

Da na kawo su Gusau kuma, sai na tarar kan wayarsu babba ne, ba ya shiga ramin kwamfutocinmu. Ban karaya ba. Na zauna na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na yanke, na haɗa da dalma. Na wanke kowane harafi da sabulu, na miƙe sifirin da suka lanƙwashe. Biyar daga cikin shidan suka tashi. Ranar da na kai wa Hajiya Asabe nata, ta rufe ido ta buga layi uku ba kuskure ko ɗaya, ofishin ya cika da ƙas-ƙas. Ta ce, “Allah shi yi ma hannunka albarka.” Har yau in na tuna ranar nan sai in ji ƙirjina ya buɗe. Wannan aikin halal ne tsantsa, kuma babu wani a garin da zai iya shi sai ni.

Ku lura da kyau, yara, domin daga nan ne hanya ta karkace.

Muna cikin duba kibod a gwanjon nan, idona ya faɗa kan hoton keken rubutu. Irin wanda nake gyarawa kullum ne, irin wanda ke jibge a bayan ofisoshinmu kaji na kwana a kai. Na ga abin da ake tayawa, na sa Kabiru ya juya mini shi zuwa kuɗinmu, na ce ya sake lissafawa. Ya ce, “Haka ne, Yaya. Can kayan tarihi ne. Akwai masu tara su kamar yadda ake tara shanu.”

A lokacin, idan ofis zai yi gwanjon tsofaffin kaya, ni ake kira in duba kekunan rubutu in faɗi mai rai da matacce. Abin da na rubuta shi ke nan, babu mai ja. A wani ofis aka fito mini da guda tara. Bakwai sun mutu da gaske. Biyu kuwa lafiyarsu ƙalau, ƙura ce kawai. Na zare ɗan ƙaramin sifirin daga kowacce na jefa a aljihu, na rubuta cewa ba su gyaruwa. Ranar gwanjo na saye su a kuɗin tsohon ƙarfe. Na ce wa kaina ai ko ban ɗauka ba tsatsa za ta cinye su. Na yi sallar la'asar ranar kamar kullum, ban ji komai ba.

Kabiru ya sa su a gwanjon intanet, aka saya. Ta farko da na aika a kwali na sa ta, na cusa tsofaffin jaridu. Bayan wata biyu mai sayen ya aiko da hotonta, ta dare gida biyu, da zagi cike da shafi. Daga nan na koyi darasi. Na samu kafinta ya yi mini akwatin katako daidai jikin na'ura. Nakan ɗaure abin da ke ɗauke da takarda da waya don kada ya yi gudu, in cusa tsumma a tsakanin sandunan haruffa, in kafe gindin da ƙusoshi huɗu a jikin katako, in zagaye da soso. Nauyi ya ƙaru, kuɗin jirgi ya ƙaru, ma'aikatan kamfanin aika kaya a Kano suna ta mita, amma tun daga ranar babu na'urar da na aika ta isa da ko ƙwarzane. Na aika da yawa, kuma kusan dukansu da irin waccan ƙaryar na same su.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Malam Isyaku.

Dattijo ne a Tsafe, yana zama a gindin wata darbejiya kusa da kotu, da ɗan teburi da benci. Shi ke buga wa mutane takardar koke, da takardar rantsuwa, da yarjejeniyar gona, da wasiƙa zuwa ga ɗa da ke aikin soja a wata uwa duniya. A zamanin En'e ya yi aikin tafireta, da zai yi ritaya aka bar masa keken da ya yi aiki da shi. Wannan keke ba irin sauran ba ne. Yana da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, kowanne da madanninsa. A sauran kekuna sai an gama bugu a bi da biro ana ƙara ƙugiya. A duk yawon gyarana ban taɓa ganin na biyunsa ba. Duk bayan wata uku nakan je in sa masa mai in canja ribin ɗin tawada, shi kuma ya aika a sayo mini fura, ya ce da ni “ɗana”.

Ni na ba Kabiru labarin keken, don burga kawai. Sai ya ce, “Ɗauko hotonsa mu sa. Ba sayarwa za mu yi ba, mu ga dai abin da za su ce.” Na ari kyamara, na je Tsafe da sunan sa mai, na ɗauki hoto. Malam har gyara hularsa ya yi, yana zaton da shi za a ɗauka.

Kwana bakwai ana tayawa. A rana ta ƙarshe mutum biyu suka kafe, wannan ya ɗora, wancan ya ɗora. Da aka rufe, abin da aka tsaya a kai ya fi duk abin da na samu a sauran kekunan in an haɗa. Kabiru ya dube ni ya ce, “To, Yaya, an fa saya.” Ina iya cewa a'a. Babu wanda ya riƙe mini wuya. Abin da na ce shi ne, “Ba ni mako guda.”

Na koma Tsafe, na saurari keken kamar likita, na girgiza kai, na ce akwai abin da ke shirin karyewa a ciki, sai an kai shi shago an warware. Malam ya dafa keken. Ya ce tun da aka ba shi keken bai taɓa kwana a wani gida ba. Na ajiye masa wani na aro marar lanƙwasa. Da hannunsa ya naɗe nasa a cikin bargo, ya taya ni ɗaurewa a bayan babur, yana cewa in bi a hankali wajen ramukan hanya.

Bayan mako biyu na je masa da fuskar makoki. Na ce ɓarayi sun fasa shagona sun kwashe kaya, har da nasa. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka. Abin da ban shirya wa ba shi ne abin da ya yi. Ya dube ni ya ce, “Ba su dai taɓa ka ba ko? Iyali lahiya?” Na ce lafiya. Ya ce, “To alhamdu lillahi. Kai da anka kwashe ma kayan sana'a, kai aka yi ma jaje. Allah shi mayar maka da alheri.” Ya kuma aika aka sayo mini fura. Na sha.

A Kano aka samu cikas. Ma'aikacin kamfanin aika kaya ya buɗe akwatin, ya ga wani ɗan farantin tagulla a bayan keken mai ɗauke da lambar En'e. Ya ce wannan ba zai wuce filin jirgi ba sai da takardar da ke nuna ba kayan hukuma ba ne, da sa hannun mai shi na asali da adireshinsa. Na roƙa, ya ƙi. Na so in cire farantin, Kabiru ya ce mai sayen ya gan shi a hoto, yana daga cikin abin da ya saya. Sai na koma shagon su Kabiru na tsara takarda da Turanci da Hausa, cewa ni Malam Isyaku, mai rubuta wasiƙa a bakin kotu, Tsafe, na sayar da keken rubutuna da yardar kaina. Na san sa hannunsa kamar nawa, na zana shi tsaf. Aka karɓa, aka ajiye kwafi ɗaya, aka jefa ɗayan a cikin akwatin, aka buga ƙusa.

Na canja babur, na yi wa Rabi ɗinki, na sa silin a ɗaki. Da ta tambaye ni inda wannan buɗi ya fito, na ce Turawa ne suka san darajar aikina. Idan hanya ta bi da ni ta Tsafe, nakan hango Malam ya kusantar da takarda ga idonsa, yana bin haruffa da biro yana ƙara musu ƙugiya. Bencinsa da ke cika ya koma mutum ɗaya, mutum biyu. Nakan ƙara wa babur wuta.

Wata uku da tafiyar akwatin, wata ranar Talata da hantsi, ina shago sai ga Malam Isyaku a bakin ƙofa. Bai taɓa zuwa shagona ba. Ya yi sallama, ya ƙi zama. Ya ciro ambulan mai tambarin ƙasar waje daga aljihun rigarsa, ya ce, “Ɗana, idona ba shi da ƙarhi. Karanta mini wagga.”

Da ganin rubutun na gane keken. Da Hausa aka buga shi, kowace ƙ da ƙugiyarta. Ashe mai sayen wani tsohon Bature ne da ya yi aikin koyarwa a ƙasar Hausa yana saurayi. Ya ga takardar da aka jefa a akwatin, ya ga suna da adireshi, ya ga ya kamata ya yi godiya. Ya rubuta cewa ya ga sa hannun Malam a takardar sayarwa, kuma ya san rabuwa da abokin aiki na shekaru masu yawa ba abu ne mai sauƙi ba, ya yi alkawarin zai riƙe keken da daraja. A ƙarshe ya ce a gaishe masa da mai gyaran nan na Gusau, ya ambaci sunana da ya gani a takardar aika kaya, ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya ɗaure kaya irina ba.

Na karanta har ƙarshe da bakina. Malam ya ce, “Mi kac ce?”

Na ce ɓarayin ne suka sayar, suka yi amfani da sunana.

Ya ce, “Su ɓarayin sun san sa hannuna? Ɗana, ban zo da kowa ba, ni ɗaya na zo. Hwaɗa mini gaskiya, mu rubuta ma mutumen ga shi maido mini abuna, magana ta mutu nan.”

Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da Allah ya buɗe mini, ni kuma na rufe ta da ƙafa. Girman kai ya hana ni. Na ɗaga murya, na ce tsufa ya fara taɓa shi, na ce in yana da hujja ya kai ni inda zai kai ni. Maƙwabta suka fito suna kallo. Ya ninke takardarsa, ya mayar aljihu, ya ce, “To, shi ke nan.” Ya tafi.

Kwana uku bayan haka 'yan sanda suka zo. Da aka je Kano, Kabiru ya fito da duk takardun aika kaya ya miƙa, ya ce shi ɗan aike ne kawai. Daga lambobin da ke jikin takardun aka gano kekunan ofisoshi. A kotu aka kira Hajiya Asabe shaida. Ta ce biyu daga cikin waɗanda na rubuta sun mutu, da hannunta ta yi bugu da su mako guda kafin gwanjo. Ba ta dube ni ba har ta sauka. Alƙali ya ɗaure ni shekara uku, kan cin amana da sa hannun ƙarya.

Mahaifina ya zo daga Bungudu ranar hukunci. Da za a fita da ni ya matso ya ce, “Da yunwa ta kai ka, da na ce laihina ne. Kai kuwa Allah ya ba ka abin da bai ba kowa ba cikin gidanmu.”

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba. Ku dai sani wuri ne da mutum ba ya da ikon cewa zai sha iska. Akwai zafi, akwai ƙaiƙayi, akwai tuwon da sai ka rufe ido. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannuwana, suna zaune a kan cinya ba abin yi. Rabi ta koma Bungudu da yara, tana soya ƙuli-ƙuli tana saƙa hula. Aka karɓe shagon, kayan aikina suka watse. A wata na takwas na ji keken rubutun ofishin gidan yarin yana tsallake harafi, daga tsakar gida na gane ciwonsa. Na roƙi wani gandiroba ya bar ni in duba. Da cokali da guntun waya na gyara shi. Daga nan aka riƙa kawo mini agogo, da rediyo, da keken ɗinki. Na koya wa mutum biyu da muke ɗaki ɗaya, magidanta kamata, ɗayansu har yau da gyaran keken ɗinki yake ci da iyalinsa a Mada. A can ne kuma na zauna na tuba tsakanina da Allah, ba don an kama ni ba, sai don na fara ganin abin da na yi kamar yadda yake.

Da na fito babu ofishin da zai bar ni in taka ƙofarsa, kuma ban ga laifinsu ba. Na koma Bungudu na yi damina guda a gonar mahaifina. Bayan an yi girbi sai wani direba ya kawo saƙo cewa Malam Isyaku na nemana a Tsafe.

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na tafi. Na same shi a gindin darbejiyarsa, ya ƙara tsufa. Na durƙusa zan fara magana, ya ɗaga hannu ya ce in bari tukuna. Ya sa aka fito da wani akwati daga shagon da ke bayansa. Akwatina ne, na gane aikin kafintana.

Ashe bayan an ɗaure ni ya rubuta wa Baturen duk abin da ya faru. Mutumin ya mayar da keken, bai nemi komai ba. Sai dai tafiyar ta ɗauki kusan shekara, kaya suka maƙale a Legas, suka maƙale a Kano, sai da wani ɗan Malam ya yi ta zarya. Kuma Baturen bai san sirrin ɗauri ba. Bai kafe gindin ba, bai ɗaure abin ɗaukar takarda ba. Keken ya iso da babban sifirinsa a tsinke, haƙoran da ke tafiyar da takarda sun kakkarye, sandunan haruffa sun cure wuri guda. An kai shi wurin masu gyara a Gusau da Funtuwa, kowa ya ce a haƙura.

Malam ya ce, “Ba don na yarda da kai na kira ka ba. Don babu wani ne. Kuma nan za ka yi shi, gabana. Ba shi ƙara hawa babur ɗin kowa.”

Na ce na yarda.

Kwana huɗu na yi a gindin itacen nan da kayan aikin aro, ina kwana a gidan wani ɗan garinmu. Na baje keken a kan tabarma, Malam na zaune yana kallon kowace ƙusa. Babu inda ake sayar da kayansa, don haka na ciro sifirin daga wani mataccen agogon bango na yanka daidai. Haƙoran kuwa na samu guntun ƙarfe wurin maƙeri na zauna da zarto ina fitar da su ɗaya-ɗaya. Sandunan haruffa na miƙe su da hannu, ina gwadawa a takarda har kowanne ya zauna a kan layi. Masu zuwa kotu suka riƙa tsayawa kallo. Wasu sun san ko ni wane ne, ina jin suna faɗa wa juna. Ban ɗaga kai ba.

A rana ta huɗu bayan azahar na ɗora shi a kan tebur. Malam ya zura takarda, ya gyara zama, ya buga. Ƙararrawar ƙarshen layi ta kaɗa. Ya zare takardar ya kai kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, “Ya hi da daɗin hannu.” Sai a lokacin ya bar ni na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun ina ciki, amma ya so in faɗa da bakina. Na faɗa, a gaban duk wanda ke wurin, ban rage komai ba. A duk aikin da na yi a rayuwata babu wanda nake alfahari da shi kamar na kwana huɗun nan. Malam ya yi shekara biyar yana aiki da keken kafin Allah ya karɓi ransa, kuma ni ne mai sa masa mai har ƙarshe, a gindin itacen, a gabansa.

Yau ina da ɗan shago a Bungudu. Ina gyaran keken ɗinki, da injin awo, da duk abin da ke da sifirin a ciki. Ya ɗauke ni shekaru kafin mutane su fara barin kayansu su kwana a wurina, kuma ban yi fushi ba, ni na jawo.

Ku matasa, musamman ku da Allah ya ba basira, da ku nake. Wawa ba ya iya irin satar da na yi. Sai wanda ya ƙware, wanda aka yarda da shi har ba a duba bayansa. Yanzu kasuwar duniya tana cikin aljihunku, kuna ganin farashin komai, kuma za ku riƙa ganin abin wani ya fi tsada a can fiye da yadda mai shi ya sani. Wannan ba ya mayar da shi naku. Ku yi alfahari da hannunku, ku nemi ladan aikinku ba kunya, ku faɗi farashinku da ƙarfi. Amma abin da aka damƙa muku, ku mayar da shi ga mai shi cikakke. Idan kuma kun riga kun zame, wani ya zo muku shi kaɗai ya ce ku faɗi gaskiya magana ta mutu, ku faɗa nan take, tun yana tsaye a bakin ƙofa. Ni na bari ya juya, kuma shekara uku na yi ina neman wannan minti ɗayan ban same shi ba.